Furen Marigol: Shin Da Gaske Yana Korar Kurege Daga Lambu?

Masu ɗan lambu a bayan gida, da masu shuka tumatir da lalo a buhu a Agege ko Sabon Ibadan, sukan ji ana cewa a kewaye shuka da furen marigol, wai kurege da ɓera ba za su kusanto ba. Marigol shi ne furen nan ruwan ɗorawa ko ruwan goro, wanda ganyensa ke da wari mai hawa kai idan ka murza shi. Asalinsa ƙasar Meziko ne, har da dogon nau'in da Turawa ke kira "na Afirka".

Gaskiyar magana, ni ban ɗauke shi maganin kurege ba. Warin yana iya sa dabba ta ja da baya, amma kuregen da ya hango nunannen tumatir tsallake fure zai yi. Gafiya kuwa ta ƙarƙashin ƙasa take zuwa. Dodon koɗi, da yake da yawa a daminar Kudu, shi ma cin marigol ɗin yake yi. Ga waɗannan, ragar waya mai ƙananan idanu ta fi, a binne gindinta cikin ƙasa. Ruwan barkono ma yana taimakawa, sai dai a sake fesawa bayan kowane ruwan sama.

Inda marigol ya yi fice shi ne a ƙarƙashin ƙasa. Saiwarsa tana fitar da sinadarin da ke kashe ƙananan tsutsotsin nan da ido ba ya gani, masu sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli har shuka ta yanƙwane ko da ana ba ta ruwa. Amma fa ƙwaya biyu a gefen kunya ba za su yi aikin ba. Sai an cika wurin da shi, a bar shi wata biyu zuwa uku, sannan a shuka kayan miya. A 2019 kuma masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun nuna cewa warin gajeren nau'in yana rage farin ƙuda a jikin tumatir, idan tun farko tare aka shuka su.

Irinsa yana tsirowa cikin mako guda, yana son rana sosai, ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa. Idan furen ya bushe, a murje shi a adana irin don shuka ta gaba.