Daga Zauren Alƙali zuwa Kotun Ƙonni

A da, wanda aka tuhuma a ƙasar Ƙonni shi yake kare kansa gaban alƙali ko sarki, da Hausarsa da shaidunsa. A 1946 Faransa ta mayar da shari'ar laifuka ƙarƙashin dokarta, kuma kundin hukunci na Nijar na 1961 ya gaji tsarin, da Faransanci. Masu cewa mai gaskiya ba ya buƙatar lauya sun manta da wannan sauyi. Manomin Bazaga da jandarmomi suka tsare yakan dangwala yatsa a takardar da ba ya iya karantawa, ita ce kuma za ta riga shi isa kotun Birnin Ƙonni. Hukumar ANAJJ mai tallafa wa marasa hali a harkar shari'a sai a 2011 aka kafa ta, yawancin lauyoyi kuwa har yau suna Yamai.