Majami'ar Holy Family ta Sakkwato

Majami'ar Holy Family da ke kan titin Ahmadu Bello a birnin Sakkwato ita ce uwar majami'un Katolika na wannan yanki, har da na ƙasar Tambuwal da Kebbe. Ba girman gini ke ba majami'a wannan matsayi ba. Kujerar bishop ce, wadda ake girkewa kusa da bagade, kuma daga sunanta na Girkanci aka samo kalmar katidiral.

A shekarar 1953 Fadar Vatikan ta ware Sakkwato a matsayin yankin bishara mai zaman kansa, ta damƙa shi ga limaman ɗarikar Dominikan daga Amurka, ƙarƙashin Edward Lawton. Da fari Gusau ce cibiyar aikinsu, kuma ba abin mamaki ba ne: a wancan lokacin can ne jirgin ƙasa ke sauke ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, waɗanda su ne yawancin masu ibada. A 1964 aka ɗaga yankin ya zama dayosis, Lawton ya zama bishop na farko. Bayan rasuwarsa a 1966, Michael Dempsey ya gaje shi, sai Kevin Aje, ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar, sannan Matthew Hassan Kukah a 2011.

Ginin majami'ar ya ga tashin hankali a watan Mayun 2022, lokacin da masu zanga-zanga suka farfasa gilasan tagoginsa. A 2023 kuma aka cire Katsina daga ƙarƙashin dayosis ɗin Sakkwato, ta samu nata bishop, Gerald Mamman Musa.