Farar Ƙasa da Akwatin Cornell: Yadda Kwamfuta Ta Koyi Haska Ɗaki

Babu abin da ya wahalar da masu zanen kwamfuta na farko kamar cikin ɗaki. A fili, rana ce ke haska komai kai tsaye. A ɗaki kuwa, yawancin hasken da ido ke gani sai ya bugi daɓe, ya koma bango, ya hau rufi, kafin ya iso.

A 1980 Turner Whitted na Bell Labs a Amurka ya wallafa hanyar bin sawun haske, wadda ta fitar da madubi da gilashi da inuwa sarai, amma ba ta lissafa hasken da bango ke mayarwa ba. A 1984 masu bincike a Jami'ar Cornell suka haɗa ƙaramin akwati mai bangaye masu launi, suka gwada shi da hoton da kwamfuta ta lissafo. Lissafin nasu aro ne daga injiniyoyi masu nazarin yaɗuwar zafi, kuma ya nuna yadda launin bango ke yin naso a kan na kusa da shi. A 1986 James Kajiya na Caltech ya dunƙule batun a lissafi guda. A 2011 manhajar Blender, wadda kyauta ce, ta shigo da injin Cycles da ke aiki bisa wannan tushe.

Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan a aikace. Soron tubali da azara ƙaramar taga gare shi, can sama, don tare zafi. Ɗan hasken da ya shigo, bangon da aka shafe da farar ƙasa ne ke rarraba shi, jeren kwanukan amarya kuma ya ƙara masa ƙyalli. Ƙanƙara ma ta yi suna da arzikin farar ƙasa, wadda har masana'antu ke nema.

A nan darasin yake ga matasan masu zanen gidaje. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna tsakanin digiri 11 da 12 arewa da ikwaita, inda rana ke tsayawa a tsakar ka sau biyu a shekara, wajen Afrilu da Agusta, ƙurar hunturu kuma ta dusashe ta. Wanda ya ɗauko shiryayyen hasken da aka tsara don sararin Turai, ya faɗaɗa tagogin gilashi, zai nuna wa mai gida falo mai ɗaukar ido a allo, wanda ba ya zaunuwa da azahar a watan Afrilu. Manhajojin suna karɓar wuri da kwanan wata da sa'a. Idan aka saka na Faskari, aka rage taga, aka faranta bango, hoton zai fi kusa da ɗakin da za a zauna a ciki.