Mai ban dariya da ya tona asirin kansa

Ya kai mai karatu, ka san ƴan kama. Ka sha ganinsu ran kasuwa ko wurin biki, suna kwaikwayon malamai, suna wa'azin tuwo da nama, jama'a na dariya har da riƙe ciki. Ka san kuma wasan da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme, ko Babarbare da Bafillace. To, ka lura da abu guda: a duk wannan, wani ake yi wa dariya. Yau za mu ba ka tarihin wani mutum da ya ce shi kansa za a yi wa.

A Amurka akwai wata sana'a. Mutum ɗaya zai tsaya cikin ƙaramin ɗaki da dare, ba ganga, ba goge, ba ƴan amshi. Mutane na zaune kusa da shi, har suna ganin gumin goshinsa. Ya yi ta magana, su yi ta dariya. Idan ba su yi ba, ba shi da wurin ɓuya. Da farko yawancin masu sana'ar labaran ƙage suke bayarwa, na suruka ko na mashayi. Tun kafin wannan, turawa kan shafa baƙi a fuska su yi wa baƙar fata ba'a.

Yaron Piyoriya

Sunan mutuminmu Ricad Faraya. A rubutun ƙasarsu, Richard Pryor. Baƙar fata ne. An haife shi ran 1 ga Disamba 1940, a garin Piyoriya. Kakarsa ce ta rene shi, a gidan karuwai da take riƙe da shi. Yana da shekara 10 uwarsa ta tafi ta bar shi. Yana da shekara 14 aka kore shi daga lakwal. Amma wata mata mai koya wa yara wasan kwaikwayo ta gane baiwar da Allah ya yi masa, ta ba shi wuri a wasanta.

Ya yi soja daga 1958 zuwa 1960. A 1963 ya tafi birnin Niyok, ya shiga wasa cikin ƙananan ɗakunan nan. Lokacin kwaikwayon wani mashahuri yake yi, mai suna Bil Kosbi. Yana faɗin abin da ba zai ɓata wa kowa rai ba. Aka fara nuna shi a talabijin, kuɗi suka shigo. Amma hankalinsa bai kwanta ba, don rigar aro ba ta rufe katara.

A 1967, a wani babban otal na garin Las Begas, ya fito gaban jama'a, ya dube su. Sai ya ajiye abin magana, ya fice. Bayan wannan ya koma garin Bakli na jihar Kalifoniya, ya zauna da marubuta baƙar fata, yana neman muryar kansa.

Ya fara faɗin nasa

Da ya dawo, sai ya zama wani mutum dabam. Ya shiga ba da labarin gidansu da unguwarsu. Ya kwaikwayi tsofaffi da mashaya, da tsoron da baƙar fata ke ji idan ɗan sanda ya tare shi. Ya nuna yadda kakarsa ke aikensa ya karyo tsumagiyar da za ta doke shi da ita. Ya kamu da ciwon zuciya, ya warke, ya zo ya kwaikwayi yadda zuciyar ta kā da shi ƙasa. Baƙi da farare suka yi dariya tare, don kowa ya taɓa shan bulala, kowa kuma yana tsoron mutuwa.

A 1979 ya zo Afirka, ƙasar Kenya. Ya ga baƙar fata na riƙe da ƙasarsu. Akwai wata kalmar zagi da turawa ke kiran baƙi da ita tun zamanin bauta, shi ma ya saba faɗinta cikin wasansa. Da ya koma gida, ya gaya wa jama'a ya daina.

Amma yana da wani ciwo: shan hodar iblis da barasa. Ran 9 ga Yuni 1980, cikin maye, ya zuba wa jikinsa barasa, ya ƙyasta wuta. Ya fita titi da gudu yana ci da wuta. Ya yi sati 6 kwance a likita. Wani da sai ya ɓoye har abada. Shi kuwa ya koma gaban jama'a ya ba da labarin, aka ɗauka a silima, aka nuna a 1982. Ya kwaikwayi lofen ƙwayar yana yi masa magana kamar aboki, yana hana shi fita daga ɗaki. Daga baya ya amsa cewa kansa ya so kashewa a daren nan.

A 1986 likitoci suka gano yana da wata cutar jijiya. Ta raunana shi har ya koma wasa a zaune, ita ma bai bar ta ba sai da ya ba da dariya da ita. A 1998 shi aka fara ba babbar kyautar ban dariya ta Amurka, mai sunan marubuci Mak Tuwen. Ya mutu ran 10 ga Disamba 2005, yana da shekara 65.

Abin dubawa

Kada ka ɗauka waliyyi ne. Bakinsa ba linzami, batsa ta yi yawa cikin wasansa. Ya yi aure sau 7, ya kuma cuci matansa da duka. Idan yana tona asirin kansa, yakan haɗa da na iyalinsa. Nan ne hatsarin yake. Asirinka naka ne, na matarka kuwa amana ne.

Duk da haka ya buɗe hanya. Bayansa masu ban dariya da yawa sun bi ta, suna ba da labarin talaucinsu da cutarsu. Sana'ar ta iso Afirka. Muna ma da namu, Mamane, haifaffen Agadas, wanda ya yi suna a rediyon Faransa da labarin wata ƙasar ƙage mai suna Gondwana, ko da yake shi masu mulki yake yi wa shaguɓe.

Mu mutanen kunya ne, kuma kunya ado ce. Amma akwai kunyar da ke cutar mai ita. Ita ke hana magidanci zuwa makarantar yaƙi da jahilci, don kada a ga yana juya harafi. Ita ke hana a kai maras lafiya likita sai abu ya ɓaci. A aji, ranar da wani dattijo ya tashi ya faɗi da bakinsa yadda aka cuce shi a awon gyaɗa don bai san lissafi ba, za ka ji an yi dariya. Bayan dariyar kuma sai ka ga kowa ya saki jiki, ya kawo nasa.

Ku tattauna wannan da malaminku. Wane labari ne ya kamata mutum ya faɗa, wane ne ya kamata ya riƙe? Wanda ya iya, ya rubuto mana amsa da hannunsa.