Ƙimar Gini da Amanar Mai Zana Shi

Malaman usulu sun kasa maslahar ɗan Adam gida uku, wato larura da buƙata da ƙawa, suka kuma yi ittifaƙi cewa ba a gabatar da ta ƙarshe a kan ta farko. A ganina kuwa babu mizanin da ya fi wannan dacewa da aikin masu zanen gini a ƙasar Zamfara, musamman tun daga 1996 da Gusau ta zama babban birnin jiha, gine-gine suka yi ta tsirowa a bakin hanyar da ta taso daga Tsafe, ta ratsa Gusau, ta nufi Bunguɗu.

Larurar gida a wannan ƙasa sananniya ce: tsari daga zafin bazara, kariya daga ruwan damina, da suturar iyali. Maginan da suka ɗora gidajen ƙasa irin waɗanda har yau ake gani a Rawayya da Kwatarkwashi sun biya waɗannan haƙƙoƙi ba tare da takarda ba, domin katangar tubali mai kauri takan riƙe zafin rana ta hana shi shiga ɗaki sai dare ya yi, indararo yakan jefa ruwa nesa da gindin bango, zaure kuwa yakan karɓi baƙo da karamci alhali idonsa bai kai ga cikin gida ba. Hatta bakan gizon da ke tallafe rufi, wanda mai kallo zai ɗauka ado ne, larura ce ta haife shi, saboda azara ba ta iya ɗaukar nauyin soro in tazarar ta yi faɗi. Da wannan hikima Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufa Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Gusau hanyar kwano da siminti ta buɗe, kuma ba zan zargi wanda ya rungume su ba, gama ginin ƙasa yana da haraji: yaɓe kafin kowace damina, ga giginyar da ake tsaga azara daga gare ta tana ƙaranci. Abin zargi shi ne taƙalidin da ya biyo baya, inda ake kwafo fasalin gidajen Abuja, a yi bangon bulo siriri, a buɗe manyan tagogin gilashi suna fuskantar yamma, a tayar da rufi mai tsini wanda babu mai kwana a cikinsa, sannan a bar mai gida da siyan man janareta muddin ransa. Wannan israfi ne, ko da an kira shi ci gaba.

Hujja a kan cewa akwai tafarki madaidaici ba ta da nisa. A Nijar, masallacin Yama da magini Falke Barmu ya fara a 1962 ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa matsattse, tare da maginan wurin, aka gama a 2018.

Saboda haka, in attajirin Gusau ya nemi bene mai ƙyalli, wajibin mai zane ne ya yi masa nasiha kafin ya ɗauki alƙalami, ya lissafa masa kuɗin sanyaya gidan da na gyaransa tare da kuɗin ɗora shi, ya duba inda rana take faɗuwa, da inda ruwa zai bi, da ko tagar sama za ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, wanda fiƙihun Malikiyya ya daɗe da hanawa.