Nunin Tufafin Ebony: Shekara Hamsin Ana Ado don Taimako

A ƙasarmu, in aka ambaci nunin tufafi, abin da ke fara zo wa mutane a rai shi ne FIMA, bikin da Alphadi ya buɗe a Tigidit, kusa da Agadas, cikin shekara ta 1998, da kuma tarzomar da ta tashi a Yamai da Maraɗi a karo na biyu, cikin watan Nuwamba na 2000. Gardamar da aka yi a lokacin ta tsaya ne a kan mutuncin mace: wasu na cewa ɗaukaka ta ake yi, wasu na cewa zubar da ita ake yi. Amma in nunin na taimako ne, akwai wata tambaya da ba a cika yi ba, wato wa ke riƙe kuɗin da aka tara, kuma ina suke tafiya. Tarihin wani nuni da baƙaƙen fatar Amurka suka shafe shekara hamsin suna yi zai taimaka mana wajen amsa ta.

Asalin abin daga asibiti ne. A wancan lokaci, a birnin Niyu Oliyans, kudancin Amurka, akwai asibitin Flint-Goodridge mai kula da baƙar fata, wanda ke ƙarƙashin jami'ar Dillard. Uwargidan shugaban jami'ar, Jessie Covington Dent, ta roƙi John H. Johnson ya taimaka da nunin tufafi don a tara wa asibitin kuɗi. Shi Johnson ɗin shi ne ya kafa mujallar Ebony a Shikago cikin 1945, kuma matarsa Eunice ce ta raɗa wa mujallar suna. Cikin 1958 nunin, mai suna Ebony Fashion Fair, ya fara zagaya garuruwa goma a ƙarƙashin jagorancin Freda DeKnight, ma'aikaciyar mujallar. Da ta rasu cikin 1963, sai Eunice Johnson ta karɓi ragamar, ba ta sake ta ba har ƙarshe.

Wanda bai san halin da ake ciki a wancan zamani ba, ba zai gane nauyin wannan aiki ba. Dokokin wariyar launin fata na nan daram a jihohin kudu, sai cikin 1964 aka hana wariya a wuraren jama'a. A kantuna da yawa, mace baƙa na iya sayen riga ko hula da kuɗinta, amma ba ta da izinin gwadawa a jikinta. Manyan mujallun ado ba su sa hotonta. Vogue ta Amurka ba ta ɗora baƙar mace a bangonta ba sai cikin 1974. Ƴanmatan da ke nuna kayan Ebony a mota suke ratsa waɗannan jihohi, kuma sau da yawa a hana su wurin cin abinci ko masauki. Da dare kuwa su hau dandali cikin tufafin da matan attajiran Turai ke sawa.

Samun tufafin ma sai da aka sha fama. Eunice Johnson, wadda aka haifa a Selma ta jihar Alabama cikin 1916, takan tafi Paris da Roma da kanta ta sayi kaya. Da fari wasu gidajen ɗinki sun ƙi sayar mata, don tsoron kada fararen mata masu saye a wurinsu su guje su in sun ga kayan a jikin baƙar fata. Ba ta roƙi aro ko kyauta ba, biya take yi, har ta zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen irin waɗannan kaya. Ta kawo ɗinkin Yves Saint Laurent da Dior da Valentino, ta jera su tare da na maɗinka baƙar fata irin su Stephen Burrows da Patrick Kelly.

Yanzu sai maganar kuɗi, wadda ita ce ƙashin bayan tarihin. Kamfanin Johnson ne ke sayen tufafi, ya ɗauki ƴanmata, ya shirya tafiya. A kowane gari kuwa, wata ƙungiya ta mutanen garin ce ke karɓar baƙuncin nunin: ƙungiyoyin matan da suka yi jami'a, kamar Delta Sigma Theta da Alpha Kappa Alpha, da ƙungiyoyin mata na majami'u, da masu kare haƙƙin baƙar fata. Su ke neman zaure, su sayar da tikiti, kuma ribar a hannunsu take zama, su biya wa ɗalibai kuɗin karatu ko su tallafa wa asibiti. Kamfanin bai ɓoye nasa amfanin ba: duk wanda ya sayi tikiti, ana riƙa aiko masa da Ebony ko ƙanwarta Jet na wani lokaci, ta haka masu karanta mujallun suka yi ta ƙaruwa. Kowa ya san rabonsa tun kafin a buɗe ƙofa, kuma matar da ta sayar wa maƙwabciyarta tikiti ta san gobe za a tambaye ta abin da aka yi da kuɗin. A lokacin da nunin ya fi ƙarfi, yakan zagaya garuruwa fiye da 150 a shekara, har Kanada da tsibiran Karibiyan. Jimillar abin da aka tara ta haura dala miliyan 55.

Bayan kuɗi, akwai abin da mata suka samu. Pat Cleveland ta fara a wannan dandali tana yarinya, daga baya ta shahara a Paris. Da aka ga ƴanmatan na haɗa hoda kala-kala don babu wadda ta dace da fatarsu, sai iyalin Johnson suka kafa kamfanin kayan kwalliya na Fashion Fair cikin 1973. Nunin ya kuma sa mata masu jiki a dandali tun kafin sauran gidaje su yi tunanin haka.

Ba a rasa abin suka ba. Rigar da aka nuna ta fi ƙarfin aljihun yawancin masu kallo, kuma dukan aikin ya jingina ne ga dukiyar iyali ɗaya. Da tattalin arziki ya karye, aka dakatar da nunin cikin 2009. Eunice Johnson ta rasu a watan Janairu na 2010, tana da shekara 93. Cikin 2013 gidan tarihin Shikago ya baje kolin tufafinta, kamfanin kuwa ya durƙushe cikin 2019.

Don a ga darajar wancan tsari, sai a dubi Fashion for Relief, nunin taimako da Naomi Campbell ta kafa cikin 2005, wanda ya fi Ebony taurari nesa ba kusa ba. Cikin 2024 hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji a Ingila ta bayyana cewa tsakanin 2016 da 2022, kashi 8 da rabi cikin 100 kawai na abin da ƙungiyar ta kashe ne ya tafi ga tallafi. Campbell ta ce ba ita ke riƙe da harkar kuɗin ba.

Malamai da shugabannin ƙungiyoyi masu shirya bikin taimakon ƴanmata, ko nunin tufafi ne ko wasan kwaikwayo, suna da abin ɗauka a nan. Kafin a zaɓi zane da tela, a fara sanin wa zai riƙe asusu, nawa ne rabon kowa, da ranar da za a karanta lissafi a gaban waɗanda suka biya.