Yaƙin Aljeriya: shekara 37 kafin Faransa ta kira shi da sunansa

Daga 1954 zuwa 1962 Faransa ta gwabza da mayaƙan FLN a Aljeriya, amma a takardun hukuma ba a ce yaƙi ba, sai dai "aikin tabbatar da doka da oda".

Marubuta da masu fim ne suka fara fasa ƙwai. A 1958 ɗan jarida Henri Alleg ya fitar da littafin La Question, inda ya bayyana yadda sojojin Faransa suka azabtar da shi. Hukuma ta ƙwace littafin, amma dubban mutane sun riga sun saya. Fim ɗin La Bataille d'Alger ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na Venise a 1966, sai dai bai samu shiga gidajen sinimar Faransa sosai ba sai 1971, saboda barazanar tsoffin sojoji da Turawan da suka baro Aljeriya.

'Yan siyasa kuwa sun makara ƙwarai. Sai a Oktoban 1999 doka ta amince da sunan "yaƙin Aljeriya". A 2018 Shugaba Macron ya amsa cewa sojojin ƙasarsa ne suka azabtar da Maurice Audin, malamin lissafin da suka kama a 1957, kuma a hannunsu ya mutu. Matarsa Josette ta shekara 61 tana jiran wannan magana.